Inshorar rai da ajali: ina ainihin gardamar malamai take?

Ranar sadakar bakwai ce ta wani maƙwabcinmu a Tudun Wada. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, sai ga mutum biyu daga wurin aikin mamacin. Suka yi gaisuwa, aka yi addu'a aka shafa, sannan ɗayansu ya matsa kusa da yayan mamacin ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Alhaji, idan an natsu akwai takardun da za a cike. Akwai kuɗin inshorar rai da iyalinsa za su karɓa." Alhaji ya ɗago kai ya dube shi. "Inshorar me? Rai na Allah ne, ya karɓi abinsa. Mu ba ma cin kuɗin rai a gidan nan." Mutane da dama suka gyaɗa kai, ni ma ban ce uffan ba. Mamacin hatsarin mota ya yi a hanyar Zariya. Ya bar mahaifiya, da mata ɗaya, da 'ya'ya biyar, babban namijin yana aji biyu na babbar sakandare. Gidan da suke ciki na haya ne.

Abin da Alhaji ya faɗa shi ne abin da akasarinmu muka taso muka tarar ana faɗa, kuma sunan abin ma ya taimaka wajen ɓata shi. Duk Bahaushen da ya ji an ce "inshorar rai", abin da zai fara zuwa masa shi ne wani kamfani a Titin Ahmadu Bello ya tsaya wa mutum a kan ransa, kamar yadda ake tsaya wa mai cin bashi. Da haka abin yake, ai da babu abin tattaunawa. Allah ya faɗa a Suratul A'araf, aya ta 34, cewa idan ajalinsu ya zo ba a jinkirta musu ko da sa'a guda, ba a kuma gaggauta musu. A Ali Imrana, aya ta 145, ya ce babu ran da zai mutu sai da izininsa, a rubuce da lokacinsa. Yaron Islamiyya da ya haddace Arba'una Hadisi ya san na huɗu, na Abdullahi ɗan Mas'ud, inda mala'ika yake rubuta arzikin mutum da ajalinsa da aikinsa tun yana cikin mahaifiyarsa. A wannan kam babu Musulmin da ke jayayya, har da malaman da suka halasta inshorar.

Sai dai takardar inshora ba ta yi wa kowa alkawarin ƙarin kwana ko ɗaya. Abin da ke cikinta shi ne, idan wane ya rasu a cikin shekaru kaza, za a ba iyalinsa naira kaza. Abin da ake yi wa tanadi shi ne albashin da zai tsaya, da kuɗin haya, da kuɗin makaranta, da buhun masara. Tambayar ke nan ta koma: yi wa bayan mutuwa tanadi ya saɓa wa imani da ƙaddara?

Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajin Bankwana, har ya fitar da rai da tashi. Yana da dukiya, 'yarsa kuma ɗaya ce a lokacin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je duba shi, sai Sa'ad ya nemi izinin ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Aka ce a'a. Ya ce rabi fa? Aka ce a'a. Da ya sauko kan sulusi sai Annabi ya yarda, ya ƙara da cewa sulusin ma da yawa, don ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su matalauta suna miƙa wa mutane hannu. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim da Muwaɗɗa. Abin lura a nan, Annabi bai ce masa ai arzikin 'yarka yana hannun Allah ba, alhali shi ya fi kowa sanin hakan. Sa'ad ɗin kuma da ya ɗauka kwanansa ya ƙare, ya tashi, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya ƙara shekara arba'in da ɗoriya a duniya. Ajali yana nan inda aka rubuta shi, umarnin tanadi kuma bai faɗi ba.

Haka Sayyadina Umar, da ya doshi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma aya ta 9 a Suratun Nisa'i da take magana a kan waɗanda da za su bar 'ya'ya raunana a bayansu da sun ji musu tsoro. Mu kanmu ma mun san haka a aikace. Mutumin da yake cewa inshora jayayya ce da ƙaddara, shi ne za ka ga yana matse cikinsa yana haɗa bulo a Rigasa, ɗaki huɗu na haya, in ka tambaye shi ya ce "saboda yara ne, ko bayan raina." Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi rashin tawakkali.

Akwai masu cewa to ai kamfanin yana da'awar sanin gaibu, tunda yana lissafin yaushe mutum zai mutu. Ba haka lissafin yake tafiya ba. Tun 1693 wani masanin taurari na Ingila, Edmond Halley, ya ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau ya fitar da jadawalin da ke nuna, a cikin mutum dubu masu shekaru kaza, kimanin nawa ne kan kai baɗi. A kan irin wannan jadawali harkar ta ginu har yau. Jadawalin bai san wane ne zai tafi ba, bai san ranar ba, bai san ƙasar da za a mutu a cikinta ba. Masu haƙar kabari a manyan maƙabartun gari sukan haƙa su ajiye, don sun san rana ba ta faɗuwa ba a kawo wani ba. Ba su san sunan wanda za a kawo ba, kuma ba wanda ya ce sun yi duba.

To, in ba don ajali ba, me ya sa malamai masu yawa suka haramta? Domin lallai sun haramta, kuma su ne mafi rinjaye.

Malamin fiƙihu na farko da aka sani ya yi rubutu a kan inshora shi ne Ibn Abidin, Bahanafen Dimashƙa da ya rasu a 1836. Inshorar kayan jiragen ruwa ce ya gani a hannun fataken Turai, ya ce bai halasta ɗan kasuwa ya karɓi diyyar kayan ba, domin mai inshorar ya ɗora wa kansa biyan abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Daga baya, da kamfanonin suka cika ƙasashen Musulmi, sai majalisun malamai suka zauna. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi nata hukuncin a 1977. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 1978. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a watan Disamban 1985. Duk ukun sun ce inshorar kasuwanci haramun ce, duk ukun kuma sun ce inshorar taimakon juna halal ce. Majalisar Makka ta jero dalilanta guda shida, babu ƙaddara ko ajali a cikinsu. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama. Inshorar taimakon juna ita ma tana biyan iyalin wanda ya rasu. Da ajali ne matsalar, da ita ma ba ta tsira ba.

Matsalar tana cikin cinikin ne. A ce wani tela a Kasuwar Barci ya shiga yarjejeniya da kamfani, yana biyan naira dubu goma duk wata, a kan idan ya rasu cikin shekara ashirin a ba iyalinsa miliyan biyar. Ranar da ya sa hannu, bai san nawa zai biya gaba ɗaya ba, kamfanin ma bai san ko zai biya ba. Zai iya zuba dubu talatin ya rasu, kamfanin ya fitar da miliyan biyar. Zai iya zuba miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ya ga ƙarshen shekara ashirin da ransa, a wani nau'in inshorar ya tashi ba ko kwabo. Wannan shi malamai ke kira garari, ba gararin shiga uku da muka sani a Hausa ba, gararin fiƙihu, wato ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba. Mu cinikin biri a sama muke ce masa. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya hana shi ƙarara. Daga gararin ne caca ta shigo, tunda ribar ɗaya faɗuwar ɗaya ce, abin da zai raba su kuma ba ya hannun kowa. Sannan riba, wato kuɗin ruwa, ta biyo ta ƙofa biyu: kuɗi ne aka ba da aka karɓi kuɗi, ba daidai ba kuma ba hannu da hannu ba, kamfanin kuma yakan zuba abin da ya tara a takardun bashin gwamnati da ajiyar banki masu kuɗin ruwa. A inshorar rai mai haɗe da ajiya, wadda ake mayar wa mutum kuɗinsa da ƙari tabbatacce idan wa'adi ya cika, ribar ba ta ma ɓuya ba.

Zargin caca ba malamanmu kaɗai suka hango shi ba. A Landan ta ƙarni na 18 mutane sun riƙa sayen inshora a kan ran wanda ba su haɗa komai da shi ba, suna jiran ya mutu su ci. Abin ya yi muni har majalisar Ingila ta yi doka a 1774 cewa ba ka da ikon yi wa ran wani inshora sai idan mutuwarsa za ta jawo maka asara.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A zaman Makka na 1978, Shehu Mustafa Zarƙa, babban malamin fiƙihu ɗan Siriya, shi kaɗai ya saɓa, kuma tun a taron makon fiƙihu na Dimashƙa a 1961 yake kan ra'ayinsa. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce asalin yarjejeniya halasci ne sai an samu nassin hani. Ya ce abin da mutum ya saya kwanciyar hankali ce, kuma ya same ta tun ranar farko, kamar masu shaguna da suka ɗauki maigadi: in shekara ta zagayo ɓarawo bai zo ba, ba a cewa maigadi ya ci haram. Ya ce a ɓangaren kamfani ma, yawan jama'a ya kawar da gararin, tunda lissafi yana nuna masa kimanin abin da zai biya. Ya kawo tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure suke haɗa masa diyya, ya kawo fanshon gwamnati da kowa ya yarda da shi. Shi ma dai bai yarda a saka sharaɗin kuɗin ruwa a ciki ba. Masu haramtawa suka amsa masa cewa maigadi aiki yake yi, yana kwana a waje cikin sanyi, ladan aikinsa yake ci. Aƙila kuwa zumunci ne, ba wanda yake cin riba a cikinta. Fansho kuma nauyi ne na hukuma a kan ma'aikatanta. Darul Ifta ta Masar a yau tana kan halastawa. Saboda haka wanda ya ce an yi ijma'i bai yi adalci ba, wanda ya ce ra'ayoyin biyu nauyinsu ɗaya a wurin majalisun malamai shi ma bai faɗi daidai ba.

Mafitar da aka samu, abin sha'awa, daga mazhabarmu ta fito. Alƙarafi ya bayyana a cikin Alfuruƙ cewa Imam Malik ya raba tsakanin ciniki da kyauta. Garari yana ɓata ciniki, domin kowa ya ba da nasa ne don ya samu madadinsa. Kyauta da sadaka kuwa garari ba ya ɓata su. Ba za ka sayar da raƙumin da ya ɓace ba, amma kana iya cewa "na ba ka shi in ka gan shi", don in bai gan shi ba bai yi asarar komai ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina takaful, wato inshorar taimakon juna. Aka haɗa da hadisin Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kamfanin farko an kafa shi a Sudan a 1979, ƙarƙashin Bankin Musulunci na Faisal. Malesiya ta yi dokar takaful a 1984. A nan gida hukumar kula da harkar inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suka samu lasisi a 2016.

A takaful na iyali, dubu goman telan nan kashi biyu ake yi mata. Kaso ɗaya ajiyarsa ce, ana juya masa ita a harkokin halal, tasa ce ko ya rayu ko ya mutu. Ɗaya kason gudummawa ce da ya zuba a asusun jama'a, da niyyar a taimaki iyalin duk wanda ta Allah ta kasance a kansa a cikinsu. Asusun ba na kamfani ba ne. Kamfani wakili ne da ake biya ladan kula, ko abokin mudaraba da ke cin wani kaso na ribar juyawa. In an yi rara, ta masu zubi ce. In asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa ba ruwa. Duk wanda ya san yadda direbobi a tashar Kawo ko 'yan layi ɗaya a kasuwa suke yin karo-karo idan an yi wa ɗayansu rasuwa, ya san tushen abin. Bambancin kawai, wannan a rubuce yake, kuma an tara kafin a buƙata.

Kada a ce na yi wa takaful talla, akwai sukar da ake yi masa mai ƙarfi, kuma ni ban ga an gama amsa ta ba. Masu sukar suna cewa ba cinya ba ce, ƙafar baya. Wa ya taɓa shiga takaful don Allah da Annabi kawai, ba don a biya iyalinsa ba? Kyautar da aka yi don a rama kuwa, Malikawa da kansu hukuncin ciniki suke ba ta. Masu kare shi suna cewa alkawarin alheri ne mutum ya ɗora wa kansa, wanda a mazhabar Malik yake zama dole a cika. Wasu malaman Pakistan, irin su Mufti Taƙi Usmani, ba su gamsu ba, suka ce a mayar da asusun waƙafi. Abin da na tabbata da shi, takaful ya kawar da kuɗin ruwa, ya kuma cire kamfani daga matsayin wanda yake samu idan an hana ka. Ragowar kuma ya rataya ne a kan ko kwamitin malaman da ke sa ido yana duba littattafan kuɗi da gaske, ko sa hannu kawai yake yi. Mai niyyar shiga ya tambayi nawa ne ladan wakilci, ya tambayi yaushe aka raba rara na ƙarshe.

Maƙwabcinmu kuwa bai taɓa zuwa ofishin inshora ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma shi zai biya, ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Malamai da yawa daga cikin masu haramta inshorar kasuwanci sun sassauta a irin wannan, domin ma'aikacin ba shi ya ƙulla yarjejeniyar ba, haƙƙi ne da ya biyo aikinsa. Wasu sun tsaurara suka ce a karɓi gwargwadon abin da aka zuba, ragowar a bayar ga mabuƙata. Ko a wannan ra'ayin, marayu biyar a gidan haya ba su yi nisa da mabuƙatan ba. Hukuncin wanda doka ta tilasta wa dabam yake da na wanda ya kai kansa, kamar dai inshorar mota da muke sabuntawa duk shekara, wadda ta tashi daga dubu biyar zuwa dubu goma sha biyar a farkon 2023.

Maganar "ba ma cin kuɗin rai" ita ta fi tsaya mini. Mun saba jin ta idan an kaɗe mutum da mota, dangi su ce mun yafe, mun bar wa Allah. Yafiya alheri ce, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta buɗe ƙofarta. Amma ayar nan ita ta fara wajabta diyya, ta ce a miƙa ta ga iyalin mamaci. Raƙuma ɗari ne, kuɗin da ba a samun su sai an rasa rai, kuma halal ne tsarkakakke. Sayyadina Umar yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har sai da Dahhak ɗan Sufyan ya shaida masa cewa Annabi ya rubuto masa ya ba matar Ashyam gado daga diyyar mijinta, Umar ya janye. Mai yafewa kuwa nasa kason yake yafewa. Rabon maraya ba a kyauta da shi, ko waliyyinsa ba shi da wannan ikon. Alhaji ma ba magaji ba ne a gidan, tunda ɗa namiji yana katange ɗan'uwa.

Wani dattijon malami a unguwar ne ya tuna masa haka bayan kwana biyu, shi da shi. Alhaji mutum ne mai karɓar gaskiya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi ban kawo haka ba." Matar kuwa tana cikin gida tana takaba, duk abin nan ba wanda ya shiga ya tambaye ta.

Sai wata sabuwa ta taso. Sunan da mamacin ya rubuta a fom tun yana saurayi na ƙanensa ne, bai canza ba bayan ya yi aure. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta sunansa shi ne mai kuɗin. A kan ajiyar mamaci da kuɗin asusun fanshonsa babu saɓani, gado ne, mai suna ɗan riƙon amana ne kawai. A kan kuɗin inshorar ne malamai suka rabu. Wasu sun ce gado ne kamar diyya. Wasu sun ce kyauta ce daga asusu zuwa ga wanda aka ambata, tunda mamacin bai taɓa mallakarsu yana raye ba, kuma dokar Malesiya ta 2013 ta ba mai takaful damar ya zaɓi hakan tun yana da rai. Ƙanen bai ja ba, ya ce a raba bisa shari'a.

Takardu ne suka ci lokaci. An rufe mamacin ranar da ya rasu, kamar yadda muka saba, ba wanda ya yi tunanin karɓar takardar shaidar mutuwa, balle rahoton 'yan sanda na hatsarin. Sai da aka koma ana bin ofis-ofis. Matar ta fita takaba da daɗewa kafin kuɗin su shigo. Aka fara biyan bashin da mai kantin bakin layi yake bin mamacin, aka fitar wa mahaifiya sudusinta, matar ta karɓi tumuninta, ragowar aka raba wa yaran, namiji rabon mata biyu. Rabon yaran ne aka haɗa aka saya musu ɗan gida ciki da falo biyu a Rigasa, kuma Alhaji ne ya yi cinikin.